Baƙon da Ya Kwana a Isa: Jamusawa, Ƙasarsu, da Abin da Ya Haɗa Su da Gobir

Gabatarwa

Sunan Jamus ba baƙo ba ne a kunnen Bagobiri. Dattawanmu suna lissafin shekaru da Yaƙin Hitila. Direbobin hanyar Sabon Birni zuwa Sakkwato suna yaba ƙarfen Marsandi. Masu sauraron rediyo sun saba da Muryar Jamus, wadda ta buɗe sashenta na Hausa tun 1963, samari kuwa sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Bayern Munich fiye da sunayen sarakunan Alƙalawa. Amma idan aka tambayi mutum ɗari a kasuwar Isa ko su wane ne Jamusawa, daga ina suka fito, me kuma ya taɓa haɗa mu da su, da wuya a sami biyu da za su ba da amsa mai gamsarwa.

Alhali kuwa a ƙarshen watan Maris na 1853 wani Bajamushe ya sauka a garin Isa, ya kwana, ya dubi ganuwarta, ya rubuta abin da ya gani, har yau kuma ana karanta rubutun nan nasa a jami'o'in duniya. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, sanin da ke tsakaninmu da mutanen nan ya karkata gefe guda. Sun yi shekaru fiye da 170 suna nazarinmu, mu kuwa sai sunan kayansu muka riƙe. Wanda bai san mai rubuta tarihinsa ba, ba zai iya tantance gaskiyar abin da aka rubuta a kansa ba.

Ƙasar da mutanenta

Jamus tana tsakiyar nahiyar Turai, tana iyaka da ƙasashe tara, ciki har da Faransa, Poland, Austria da Switzerland. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 357,000, wato bai kai rabin Nijeriya ba, mutanenta kuwa sun haura miliyan 83. Arewacinta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ta gangara zuwa teku, tsakiyarta tuddai da dazuzzuka, kudancinta kuma ya jingina da duwatsun Alps masu ƙanƙara. Manyan kogunanta, Rhine da Elbe da Danube, su ne hanyoyin fataucinta tun dā, kamar yadda Gulbin Rima da rassansa suka raya noma da kasuwancin Gobir da Zamfara.

Mu muke ce musu Jamusawa; su da bakinsu Doyice suke kiran kansu, ƙasar kuma Doyiclan. Tarayya ce mai jihohi 16, babban birninta Barlin. Mafi yawan masu addini a cikinsu Kiristoci ne, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, akwai kuma jama'a mai yawa da ba ta bin kowane addini. Musulmi sun haura miliyan biyar, da yawansu zuriyar Turkawan da aka fara ɗauko wa masana'antu ne tun daga 1961.

A zamansu na yau da kullum an san su da kiyaye lokaci da bin ƙa'ida. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Burodi ne tuwonsu, kuma suna da ire-irensa barkatai. Giya na da babban matsayi a bukukuwansu, abin da ya yi hannun riga da tarbiyyarmu. Amma akwai inda muka yi kama. A harshensu ba a ce wa babba ko baƙo "kai". Akwai lafazin girmamawa na jam'i, daidai da yadda ɗan Hausa mai ladabi ke ce wa mahaifinsa "ku". Haka nan suna girmama sana'ar hannu: matashi yakan shafe shekara biyu zuwa uku da rabi yana koyon aiki a ƙarƙashin gwani, yana kuma zuwa makaranta, kafin a ba shi shaidar ƙwarewa. Duk wanda ya san yadda ɗan maƙeri ke fara da zuga kafin a ba shi guduma zai gane hikimar wannan tsari.

Kafin a sami ƙasa mai suna Jamus

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsu shi ne, Jamusawa tsohuwar al'umma ce amma Jamus sabuwar ƙasa ce. Sun yi ƙarnoni suna magana da harshe ɗaya a ƙarƙashin sarakuna daban daban. A ƙarni na 18 akwai masarautu da birane masu cin gashin kansu wajen 300, duk a ƙarƙashin inuwar wata daula wadda sarkinta suna ne ya fi yawa gare shi, ba iko ba. Wannan bai yi nisa da halin ƙasar Hausa ba, lokacin da Gobir da Katsina da Kano da Zamfara da Kabi ke jin harshe ɗaya amma suna kai wa juna hari.

Su ma addini ya girgiza su. A 1517 wani malamin coci mai suna Martin Luther ya fito yana sukar bidi'o'in da ya ce sun shiga addinin Kirista, har cocin ya rabu biyu. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye kashi ɗaya cikin uku na mutanen wasu yankuna, ko ma fiye. A 1806 Napoleon na Faransa ya yi sanadin rushewar tsohuwar daular tasu. Shekara biyu bayan haka, a 1808, Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Ashe a shekaru guda tsohon tsari ya rushe a ƙasashen nan biyu, ba tare da ɗaya ta san halin da ɗayar ke ciki ba.

Sai a 1871 ne waziri Otto von Bismarck na masarautar Prussia ya haɗa kan Jamusawa, bayan yaƙe-yaƙe uku, aka naɗa Wilhelm na Ɗaya sarkin sarakuna. Ke nan Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta girmi ƙasar Jamus da fiye da shekara sittin.

Al'ummar alƙalami

Da yake ba su da tuta guda, abin da ya riƙe Jamusawa wuri ɗaya shi ne harshe da littafi. A garin Mainz ne Johannes Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i mai haruffan ƙarfe wajajen 1450. Fassarar Baibul da Luther ya kammala a 1534 ta taimaka wajen daidaita musu harshen rubutu. A 1812 'yan'uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara buga tatsuniyoyin da suka tattara daga bakin jama'a, don kada su ɓace. Babban mawaƙinsu, Goethe, ya karanta waƙoƙin Hafiz na Farisa har ya wallafa diwani a 1819 yana mai amsa masa. A fagen kiɗa kuwa suna da Bach da Beethoven.

Ɗalibin adabin Hausa ya taɓa ɗanɗanar wannan al'ada ko bai sani ba. Masu nazari sun nuna cewa wasu daga cikin labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga taskar 'yan'uwan Grimm ya ɗauko su, ya sa musu riga da rawani har suka zama 'yan gida. Wato tatsuniyar da wata tsohuwa ta faɗa a bakin murhu a ƙasar ƙanƙara ita ce ɗan firamare ke karantawa a Gatawa ko Kurawa.

Daga wannan al'adar bincike, musamman Jami'ar Barlin da aka kafa a 1810, baƙon namu ya fito.

Abdulkarimu a Sansanin Isa

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg a 1821, birnin fatake mai mulkin kansa. Ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa, ya iya Larabci. A 1850 ya taso daga Tarabulus cikin wata tawaga da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta, tare da shugabanta James Richardson da wani Bajamushe masanin duwatsu da taurari, Adolf Overweg. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarimu, a hanya kuma ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci. Ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851.

Domin a fahimci abin da ya tarar a yankinmu, dole a tuna halin da Gobir ke ciki a lokacin. Bayan faɗuwar Alƙalawa Gobirawa ba su miƙa wuya ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen daga. Waɗanda suka tsira suka koma arewa, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, suka haɗa kai da Katsinawan da ke gudun hijira a can. Sakkwato kuma ta jera garuruwan ribaɗi don tare hare-harensu, Isa na ɗaya daga ciki. Sabon Birni kam ba a ma kafa ta ba tukuna. Sai wajajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa ta.

A watan Maris na 1853 Barth ya baro Katsina a cikin ayarin Galadiman Sakkwato, suka bi ta Zurmi da Badarawa, suka sauka a garin da ya rubuta sunansa Sansanin Isa. Ya bayyana shi a matsayin sansanin yaƙi da ya zama gari mai ganuwa, wanda aka girka a bakin iyaka don fuskantar Gobirawa da Maraɗawa, a hannun Aliyu Ƙarami, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Daga Isa ayarin ya shiga dajin Gundumi. Saboda tsoron mahara, suka yi tafiyar awa 26 ba tare da sun yada zango ba, mutane da dabbobi suka galabaita da ƙishirwa. Da suka fita, suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Ya karɓi baƙon hannu biyu, ya ba shi takardar aminci. Barth ya wuce Wurno da Sakkwato da Gwandu, har Tambutu, ya koma Turai a 1855. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi.

Barth ya bambanta da yawancin Turawan zamaninsa. Ya yarda cewa Afirka na da tarihi, ya nemi littattafan malamanmu ya karanta, ya zauna da masana ya yi muhawara da su. Duk da haka, baƙo ko da idonsa makaho ne. Ya ga Gobir ne daga cikin ayarin abokan gabanta. A shafukansa Bagobiri yawanci shi ne abin tsoron da ke bayan kurmi, ba mutumin da aka ci birninsa yake neman komawa gida ba.

Wanda ya ga ɗaya ɓangaren shi ne Overweg. A farkon 1851 ya rabu da abokan tafiyarsa ya nufi Maraɗi da Gobir, ya yi kusan wata biyu a can, aka karɓe shi da mutunci. Sai dai zazzaɓi ya kashe shi a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852 yana ɗan shekara 30, bai tsara bayanansa ba, abin da ya bari kuma guntayen rubutu ne masu wuyar karantawa. Da wannan mutuwa aka yi asarar shaidar da za ta iya daidaita sikeli. Duniya ta karanta labarin Gobir daga bakin wanda ya kwana a Isa, ba daga bakin wanda ya zauna a Tsibiri ba.

Daga alƙalami zuwa tuta

Sha'awar Jamusawa ga harshenmu ba ta tsaya a kan Barth ba. Overweg ya 'yanta wasu yara biyu bayi, Dorugu Bahaushe daga ƙasar Damagaram da Abbega Bamargi, Barth kuma ya tafi da su Turai. A Ingila wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zauna da Dorugu yana rubuta abin da yake faɗa. Daga nan aka sami nahawun Hausa na 1862, ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu da bakinsa. Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sa wa suna Malam Musa, ya tattara rubuce-rubucen ajami. A Kete Krachi kuma, cikin Togo ta Jamus, Adam Mischlich ya yi aiki da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya fitar da ƙamus a 1906. A lura, a bayan kowane Bajamushe da ya yi suna akwai Bahaushen da ya ba shi ilimin.

Amma bayan 1871 tafiyar ta sauya launi. Sabuwar Jamus ta fara neman rabonta a Afirka. Bismarck ya kira taron Barlin daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885, inda ƙasashe 14 suka tsara ƙa'idojin mamaye nahiyar, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Eduard Flegel ya riga ya ziyarci Sakkwato, a 1885 kuma Paul Staudinger ya taso da kyautar Sarki Wilhelm zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. Sai dai Ingilishi sun riga su: a watan Yuni na wannan shekara Joseph Thomson ya isa Wurno a madadin kamfanin George Goldie, ya koma da takardar da Ingila ta riƙa kafa hujja da ita.

Gaskiya ita ce ba Jamus ta ja layin da ya raba Gobir ba. Ingila da Faransa ne suka yi, ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, har Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuma hannun Ingila. Amma a Barlin aka buga gangar rabon. Jamus ta ci nata kason a gabashin daular: sojojinta sun mamaye Garwa da Marwa a 1901 da 1902, suka yanke mafi yawan ƙasar Adamawa suka haɗa da Kamaru. Taswirar da masu alƙalami suka zana ita masu bindiga suka bi. Ba na ɗora wa Barth laifin abin da aka yi bayan mutuwarsa a 1865, amma darasin a fili yake: ilimin da aka tara a kanka, in ba ka da hannu a cikinsa, yana iya zama makami a hannun wani.

Ranar wanka

Ba a gabatar da Jamusawa da gaskiya sai an ambaci duhun tarihinsu. Tsakanin 1904 da 1908 sojojinsu sun hallaka dubun dubatar Herero da Nama a ƙasar da yau ake kira Namibiya. Sun sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ƙwace duk ƙasashen da suka mallaka a Afirka. A 1933 Hitila ya hau mulki a kan aƙidar fifita jinsi, gwamnatinsa ta kashe Yahudawa miliyan shida, ta jefa duniya cikin yaƙin da ya kwashi samarin Arewa zuwa Habasha da Bama. Al'ummar da ta haifi Goethe ita ce ta gina sansanonin kisa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan karatu ba ya hana zalunci idan zuciya ta mutu.

Bayan 1945 ƙasar ta zama kufai, a 1949 kuma ta rabu biyu, Gabas da Yamma. A 1961 aka gina katanga a tsakiyar Barlin, ta raba uwa da ɗa, wa da ƙane. Bagobirin da ke da gona a Nijeriya da kawu a Tsibiri ba ya bukatar a fassara masa wannan ciwo. Katangar ta faɗi a Nuwamban 1989, ƙasar ta sake haɗewa ranar 3 ga Oktoba, 1990.

Abin da ya fi burge ni game da su ba motocinsu ba ne, yadda suka yi da abin kunyarsu ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suna koyar da laifin Hitila a makarantunsu, sun gina wurin tunawa da waɗanda aka kashe a tsakiyar babban birninsu. Game da Afirka kam sun yi nawa: sai a 2021 gwamnatinsu ta amsa cewa abin da aka yi a Namibiya kisan ƙare dangi ne, kuma har yanzu jikokin waɗanda aka kashe suna ƙorafin ba a yi musu adalci ba. A Disambar 2022 suka maido wa Nijeriya wasu kayan tarihin Benin da ke gidajen adana kayan tarihinsu. Tuban bai cika ba, amma an fara.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Na waiwayi Jamusawa ne don in ga abin da ya rage gare mu, kuma abu uku na gani.

Na farko, tarihinmu na warwatse a ɗakunan karatu na Barlin da Hamburg, wani cikin harshen da ba mu iya ba. Ya kamata jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da mu, su horar da ɗaliban da za su iya Jamusanci, su fassara mana shafukan Barth da na Staudinger zuwa Hausa, mu auna su da abin da makaɗan fada da dattawan Sabon Birni da Tsibiri suka riƙe.

Na biyu, abin da 'yan'uwan Grimm suka yi wa tatsuniyoyinsu muna iya yi wa namu. Kufan Alƙalawa na nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, masu sanin kirarin Bawa Jangwarzo kuwa kullum raguwa suke yi. Giɓin da mutuwar Overweg ta bari ba wani baƙo ne zai cike shi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Dajin Gundumi da ayarin Barth ya ratsa cikin firgici a 1853, yau ma matafiyi da addu'a a bakinsa yake ratsa shi saboda 'yan bindiga. Ƙauyukan Isa da Sabon Birni da dama sun watse, dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi, inda kakanninsu suka taɓa fakewa. Jamusawa sun ga abin da ya fi wannan muni, suka tashi, kuma sun fara ne da rubuta abin da ya faru, da sunan wanda ya yi da na wanda aka yi wa. Idan mu 'ya'yan wannan ƙasa ba mu rubuta halin da muke ciki ba, da sunayen garuruwa da ranaku da bakin waɗanda abin ya shafa, to nan da shekara ɗari jikokinmu za su sake neman labarinmu a littafin wani baƙo da ya kwana ɗaya ya wuce.